Ba Mu Sauka Gindin Kanya Ba

Ranar da sakamakon bak, jarrabawar shiga jami'a, ya fito, wallahi ba mai iya riƙe ni. Abokina da muke benci ɗaya tun shigarmu lise, wato babbar sakandare, shi ya fara turo mani saƙo, kalma ɗaya tal: admi, wato na ci. Kafin in kai ƙofar gidanmu na sa hoto bakwai a statun wayata, kowa ya gani. Na sa fuskata, na sa takalmina, har akuyar Inna na ɗauka na rubuta a ƙasa cewa daga yau akuyar gidan ɗan iniversite ce, a riƙa gaishe ta. A lokacin yatsuna ba su san hutu ba. A gurup ɗin ajinmu ba wanda ke riga ni amsa, ko ina cin tuwo hannun hagu na kan waya.

Wadda na fara faɗa wa da baki ita ce Kaka, mahaifiyar Baba. Ɗakinta na nan kusa da zaure. Shekara uku ke nan tun da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya goce, iyakar tafiyarta daga gado zuwa tabarmar ƙofar ɗaki, da sanda. Ni da ita kuwa ba mu taɓa yin magana a miƙe ba, kullum wasan jika da kaka. Ita ta ce mani ango, ni in ce mata amarya. Na sake ta ya fi sau ɗari, ta yi mani yaji ya fi sau ɗari, duk tana zaune kan tabarma ɗaya.

Na ce, “Amarya, mijinki ya haye!”

Ta ce, “Ya haye mi? Katanga?”

“Bak, tsohuwa, bak! Iniversite zan tafi. Can zan samo mai haƙora in bar ki.”

“Tafi mana. Wa zai so ka da wannan wuya kamar na zalɓe?” Sai ta jawo kaina ta tofa mani addu'a, ta daɗe tana tofawa.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Baba ba shi ne ɗan farin Kaka ba. Kafin shi ta haifi wani namiji, lokacin da ita da kakanmu marigayi suke zama a tungar masunta, kan tudun nan da ke zama tsibiri in tabkin Madarunfa ya cika. Yaron bai kai yaye ba ya rasu, aka rufe shi can bayan tsibirin, gindin wata kanya. Da ƙafarta lafiya, duk rani in ruwa ya janye takan ratsa taɓo da lambuna ta je ita kaɗai, ta ce ta tafi tsintar kanya. Tun da ƙugu ya goce, shi ke nan. Amalanke ba ya ratsa wannan taɓon, babur kuwa ba ta iya hawa. Hanya ɗaya ta rage mata: jirgi, lokacin da ruwa ya cika har ya kai kusa da itacen. Kuma irin su Kaka ba su ambaton ɗan fari, ko yana raye, balle ta buɗe baki gaban jikanta ta ce a kai ta wurinshi. Ni kuwa da nake jin tana kiran sunan Baba gatsau, tsokanarta nake ina cewa amaryata ƴar zamani ce, ba ta kunyar ɗan fari. Dariya kawai take yi.

To, kawuna direba ne, yana bin hanyar Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Issa. Da ya ji labari ya kira ni ya ce mi nake so. Na ce yawon jirgi, ni da mutanena, mu je tsibiri mu ɗauki hotunan da za su tayar da hankalin gurup. Ya ce an gama. Ya yi magana da wani mai jirgi da ya sani, aka sa rana wajen ƙarshen damina, lokacin ruwa ya cika maƙil.

Ana gobe za mu tafi, ina zaune ina goge takalmi, Kaka ta ƙwala mani kira.

“Ango, ashe yawon amarci za ka ba amarya?”

Na ce, “Ke da ko zaure ba ki kaiwa? Ki faɗa ruwa kifaye su ce an kawo masu ƙashi?”

“Ni na riga uwarka sanin ruwan nan. Ka tafi da ni ko in kai ƙararka.”

Na ɗauka zancen ya ƙare nan. Da safe sai na tarar da ita ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa suna, mai ruwan bula, ta yafa mayafi, tana zaune da sandarta a kan cinya. Baba ya tsaya yana kallonta. Ya ce, “Iya, ƙugun nan fa?” Ta ce ƙugun nata ne. Baba ya fita ya aro amalanken maƙwabcinmu. Inna ta shimfiɗa bargo biyu a ciki, ta kalle ni kamar za ta ce wani abu, amma kaina na kan waya, ina sanar da gurup cewa tsohuwa ta yi mana kutse. Na dai lura Kaka ta ƙulle wani abu a bakin zanenta, ƙulli kamar dunƙulen hannu. Na ce goro ne ta ɓoye mani. Ta ce sadakina ne za ta mayar.

Mu huɗu ne samari: ni, da abokin bencina, da wasu biyu ƴan fadarmu, majalisar da muke shan shayi. Mun ɗauko butar shayi da gawayi, burodi da sardin, da ƴar rediyon kiɗa. A bakin tabki muka ciccibi Kaka mu biyu muka zaunar da ita tsakiyar jirgin. Ba ta da nauyi ko kaɗan, sai na ji kamar na ɗauki damin kara. Mai jirgin dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya son hayaniya. Ya gaishe ta har da rusunawa, ya ce mu kuma kowa ya zauna inda aka ajiye shi, wanda ya miƙe tsaye don hoto zai koma gida da iyo.

Kai, ranar ruwan ya yi kyau. Itatuwan da muke zama ƙarƙashinsu da rani duk sun nutse zuwa wuya, belbela ta rufe su fari fat. Jirgi na tafiya sumul, mai jirgi na dafa gora, mu muna ihu muna ɗaukar bidiyo. Kaka kuwa ta sa yatsunta cikin ruwa, tana nuna wurare da haɓa. Nan gonar wane ce. Can aka taɓa kama wani kifi da sai da maza biyu suka ɗauke shi. Ba wanda ke saurarenta sosai sai mai jirgi, shi ke amsa mata da “haka ne, Iya.”

Da tsibirin ya matso, mai jirgi ya tsayar da gora ya kalli gabas. Akwai ɗan baƙi can ƙasan sama, bai fi tafin hannu ba.

Ya ce, “To, samari, ku saurara. Hadarin can ba zai wuce la'asar ba, kuma ni ba na kai mutane tsakiyar ruwa in iska ta taso. Sauka ɗaya za mu yi. Wuri biyu ne jirgi ke iya tsayawa. Ga gefen yashi nan gabanmu, mai kallon gari. Sai bayan tsibiri, tsohuwar tunga, gindin kanya. Can sai mun zagaya, da nisa. In mun je can ba mu zuwa nan, in mun tsaya nan ba mu zuwa can. Mai biki shi ke zaɓa.”

Abokin bencina ya ce, “Baba, can bayan akwai yashi?”

“Ciyawa ce da ƙaya.”

“Rezo fa?”

“Mi?”

“Waya tana kamawa?”

“Ni ban taɓa kiran kowa a can ba.”

Duk muka kwashe da dariya. Gefen yashi kuwa kowa ya san shi. Nan ƴan Maraɗi ke zuwa su yi hoto, yashi fari kamar an tankaɗe, in ka iya ɗauka sai a rantse bakin teku kake. Na duba wayata, rezo sanda uku. Ai ni a raina an riga an gama zaɓe.

Sai Kaka ta ce, “Ango, kai ni gindin kanya.”

Na ce, “Kanya kuma? Da waɗanne haƙoran?”

“Tsotsa zan yi.”

“Yanzu ma ba lokacinta ba ne, amarya. In ta nuna zan sayo maki tiya guda a kasuwa.”

Jirgi na lilo a wuri ɗaya. Ta sake cewa, “Can na yi zaman fari da wanda ya fi ka kyau. Kai ni in ga ɗakina.”

Ƴan fada suka ce, “Kai! An yi maka kishiya, mutumina!”

Ni kuwa abin ya yi mani daɗi, ga ƴan kallo. Na dafe ƙirji na ce, “Au, wurin tsohon mijinki za ki sa in kai ki? A jirgin da aka ɗauko don ni? Wallahi ba a yi wannan direban ba!”

Aka yi ta dariya, har da ita. Na tuna sarai ta yi dariya, shi ne abin da na riƙe na daɗe ina kare kaina da shi. Amma na uku da ta faɗa ba ta kalle ni ba, ƙullin bakin zanenta take murzawa.

“Ba zan daɗe ba. Ko saukar da ni ba sai kun yi ba. In gani kawai.”

Da wani ne ya faɗi haka, da muryar nan, da na ji. Amma Kaka ce. Tun ina rarrafe duk abin da ya fito bakinta zuwa gare ni tsokana ce, duk abin da na mayar mata tsokana ce. Ban san yadda ake jin maganarta ta wata hanya ba. Kuma a daidai lokacin saƙo ya shigo, wata ƴar ajinmu na tambaya ina hotunan da aka yi masu alkawari. Ina amsa mata da babban yatsa na ce, ba tare da na ɗaga kai ba, “Badi, amarya. Badi in na dawo hutu, ni da ke kaɗai, ba ƴan rakiya.”

Mai jirgi bai motsa gora ba. Ya ce, “Iya, yaya?”

Ta gyara mayafinta ta ce, “Mai gida ya yi magana. Mu je inda ya ce.”

Dattijon ya kalle ni, kallo mai ɗan tsawo. Na ɗauka wayar ce ke ba shi haushi. Sai ya dafa gora ya juya kan jirgin zuwa yashi.

Ba zan yi ƙarya ba, mun ji daɗi. Mun tuɓe riguna mun faɗa ruwa, mun yi kokawa, abokin bencina ya sha ruwa har ya fito yana tari muna yi mashi tsiya. Aka hura gawayi, shayi na farko ya fito da ɗaci yadda muke so. Hoto kam ban san iyaka ba: ina tsalle, ina kwance kan yashi da tabarau, ina nuna sama da yatsa. Ina sawa ana amsawa, wayar har zafi take. Ranar ji nake duk Madarunfa ni take kallo.

Kaka mun shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin wata ƴar bagaruwa. Kowa na kallon ruwa da gari, ita ta juya baya, ta fuskanci kurmin da ya raba mu da ɗaya gefen. Na kai mata shayi na biyu da gutsuren burodi, ta karɓa ta ajiye. Na ji tana tambayar mai jirgi, wanda ke zaune gefe yana gyaran koma.

“Ta cikin nan, da nisa?”

“Ba nisa, Iya, amma ƙaya ce da taɓo har gwiwa. Ko waɗannan ba su ratsawa.”

Ta ce, “To.”

Na ce, “Amarya, fushi ake da ni?”

“Wa ke fushi da miji ranar bikinshi? Je ka yi wasanka.”

Na koma. Can an jima ina neman abin da zan ƙara sawa, sai na hango ta ta dafa sanda ta miƙe da kanta. Ta taka kamar taki biyar zuwa bakin kurmin, abin da ban ga ta yi ba cikin shekara uku. Ta kwance ƙullin nan. Gero ne. Ta riƙa ɗiba tana watsawa cikin ciyawa, iyakar inda hannunta ke kaiwa, bakinta na motsi. Tsuntsaye suka fara sauka.

Ni kuwa na ɗaga waya. Na ɗauke ta daga baya, daƙiƙa ashirin da wani abu. Ana jin muryata ciki ina cewa, “Jama'a ku ga amaryata, ta zo tsibiri noman gero, bana ba yunwa!” Ana jin dariyar ƴan fada. Na sa a statu nan take. Wannan bidiyon ya fi duk hotunana samun amsa.

Hadari bai ma jira la'asar ba. Mai jirgi ya ce a tattara, muka ciccibi Kaka muka mayar cikin jirgi. Da muka ɗan yi nisa, ya karkata hanya kaɗan, ba ta inda muka zo ba. Abokin bencina ya ce dattijo ya ɓata hanya. Mai jirgi ya ci gaba da dafa gora. Daga nan ana hango kawunan wasu dogayen itatuwa ta bayan tsibirin, baƙi-baƙi, iska na kaɗa su. Kaka ta ɗaga tafin hannuwanta kan cinya, ta daɗe, sannan ta shafa. Ni ina rufe wayata cikin leda kar ta jiƙe. Ruwan ya kama mu kafin mu kai gaɓa, muka iso gida jagab, Kaka na rawar sanyi cikin bargon amalanke.

Bayan ruwa ya ɗauke, ina tsakar gida ina matse riga, Inna na fifita wuta a madafa. Ba ta juyo ba ta ce, “Kun sauka gindin kanya?”

Na ce, “Ina! Ƙaya ce fa can. Gefen yashi muka je. Kin ga hotunan?”

Ta daina fifita. “Ba ta ce a kai ta ba?”

“Ta ce mana, wai za ta ga ɗakin tsohon mijinta. Kin san ta da zolaya.”

“Sau nawa ta faɗa?”

Na yi tunani. “Uku.”

Inna ta ajiye mafici ta ce in zo in zauna. A nan, cikin hayaƙin ɗanyen itace, ta faɗa mani abin da na faɗa maku da farko. Ta ce ita ma ba daga bakin Kaka ta ji ba, wata tsohuwa ce ƴar tunga ta gaya mata tun tana amarya. Baba ya sani, amma bai taɓa tayar da zancen da mahaifiyarshi ba, ita ma ba ta taɓa ba. Geron kuwa sadaka ce take kai wa tsuntsayen wurin duk shekara. Jiya da yamma ta roƙi Inna ta auna mata.

Na ce, “To mi ya sa ba ki gaya mani ba da safe?”

Ta ce, “Ta yaya zan buɗe abin da mai shi ta rufe, tana zaune a wurin? Na ɗauka in ta roƙe ka za ka ji.”

Abu na farko da na yi, na ciro waya na goge statun. Mutum ɗari da wani abu sun riga sun gani. Sannan na tafi ɗakin Kaka. Tana kwance an lulluɓe ta, ɗakin na warin man zafi. Na durƙusa bakin gado, ban san da wace murya zan fara ba. Ban taɓa kiranta Kaka a gabanta ba.

Na ce, “Kaka.”

Ta buɗe ido. “Wa ya mutu?”

“Gobe zan nemo mai jirgi. Mu koma, ni da ke. Gindin kanya.”

Ta daɗe tana kallona, na ga ta gane an gaya mani. Sai ta ja bargo ta ce, “Ji mani ango, an ba shi shayi ya bugu. Ni da ka ce ba ni da haƙora, mi zan yi da kanya?”

“Don Allah, Kaka, ki yi haƙuri. Ban sani ba.”

“Ba ka san mi ba? Tashi ka ba ni wuri, kana tare mani iska.” Amma hannunta na kan kaina tana faɗin haka, ba ta ɗauke ba.

Gobe ba ta yiwu ba. Ta kwana da zazzaɓi, ƙugun ya kumbura saboda jijjigar amalanke, har sai da aka kira mai allura gida. Baba ya ce ba inda za ta sake zuwa sai ta warware. Ta yi sati uku a kwance. Kafin ta fara zama kan tabarma, ni ina Maraɗi ina bin layin rajista da neman ɗaki. Na dawo wani ƙarshen sati na wuce bakin tabki kai tsaye, ko gida ban shiga ba. Mai jirgi ya nuna mani da gora inda ruwa yake da, da inda ya koma. Ya ce yanzu jirgi ba ya kai ko rabin hanyar kanya, sauran duk taɓo ne. Sai wata daminar.

Ya ce, “Ranar na so in yi magana. Amma ita ba ta faɗa ba, ni wane ne?”

Na koma ina lissafin watanni. Duk hutun da na zo sai in zauna wurinta, wayar na aljihu. Sau biyu na gwada tambayarta daidai wurin, don ko ni in je da ƙafa in kai geron. In na fara sai ta ce, “Wane wuri? Kai dai kishi ke damunka.” Sau ɗaya kawai, ina yanke mata farce, ta ce ba tare da na tambaya ba, “Da itacen ƙarami ne. Ina iya kama reshenshi daga tsaye.” Ta tsaya nan. Na jira, ba ta ƙara ba. Na ce mata saura wata huɗu ruwa ya dawo. Ta ce Allah ya kai mu.

Cikin bazara ta rasu, ana tsakiyar zafin nan da ko tsuntsu ba ya tashi, ko ɗigo ɗaya bai sauka ba tukuna. Ina cikin amfi, babban zauren darasi, saƙon ya shigo daga Baba, layi ɗaya. Ni da ba a riga ni amsa, na zauna ina kallon wayar har aka tashi darasi ban iya rubuta komi ba.

Da ruwa ya sake cika, na ce wa Baba zan je. Ya ce tare za mu. Inna ta ƙulla mana gero a tsumma. Mai jirgin nan ne dai, ba kiɗa, ba shayi. Muka wuce gefen yashi, akwai wasu samari a kai suna tsalle suna ɗaukar hoto, ɗaya ya ɗaga mana hannu. Zagayen da aka ce da nisa, na duba agogon waya: minti ashirin da biyar ne.

Jirgi ya tsaya cikin ciyawa, muka sauka ruwa har idon sawu. Ba sauran alamar tunga, ko turke ɗaya. Ni duk tsawon shekarar nan itace ɗaya nake gani a raina. Ashe kanya biyar ce a wurin, a warwatse, duk manya, ba wadda mutum zai kama reshenta daga tsaye. Ƙasa duk ciyawa ce har ƙugu. Ba tudu, ba dutse, ba fasasshiyar tukunya.

Baba ya juya wajen mai jirgi. Dattijon ya girgiza kai, ya ce lokacin da aka tashi daga tungar shi ko gora bai fara riƙewa ba. Yakan dai hango ta da rani ta nufo nan, amma bai taɓa bin ta ba.

Sai Baba ya juyo gare ni. “Kai da kuke hira kullum, ba ta taɓa ce maka wacce ba?”

Na ce, “Ranar ce za ta nuna mani.”

Ya karɓi ƙullin daga hannuna ya kwance, ya raba geron kashi biyar a tafin hannunshi da nawa. Muka bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na kama mana wando. A gindin kowacce mu watsa, mu tsaya, Baba ya yi addu'a in shafa. A ta farko muryarshi ƙasa-ƙasa take. A ta uku na ji abin da yake cewa: Allah ya jiƙan Iya, Allah ya jiƙan yayana. Mutumin da ya haura hamsin, ranar na fara jin kalmar nan a bakinshi.

Bidiyon yana nan cikin wayata. Statun kawai na goge, ainihin na kasa. Shi kaɗai ne inda nake da ita a tsaye. Nakan kashe sautin in kalla, in tsayar daidai inda ta ɗaga hannu, in buɗe hoton da yatsu biyu ko zan gane wajen da take jefa geron, hagu ko dama. Kurmi ne kawai a gabanta, itatuwan ba su fito ba.